Sauƙin amfani da tasirin al'ada a manhajojin karatun jami'a ta intanet: misali daga yankin Mubi

Manhajar karatu ta intanet ita ce dandalin da jami'a ke tara al'amuran darasi a wuri guda, wato takardun karatu, da laccocin da aka naɗa, da jinga, da gwaje-gwaje, da sakamakon jarrabawa, da kuma zauren da ɗalibai ke yi wa malami tambaya a rubuce. Fitattu daga cikinsu su ne Moodle, wadda wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ya fitar a shekarar 2002 kuma ake amfani da ita kyauta, da Blackboard ta wani kamfanin Amurka, da Google Classroom wadda ta fito a 2014. Akwai kuma manhajojin taro irin su Zoom, waɗanda ba don makaranta aka ƙera su ba, amma annobar korona ta mayar da su azuzuwa.

Mallakar manhaja ba ya yi wa jami'ar da ke da kuɗi wuya. Abin da ke da wuya shi ne ɗalibi ya shiga, ya sami abin da ya zo nema, ya miƙa aikinsa, gobe kuma ya dawo ba tare da an tilasta masa ba. Masana sun kasa dalilan nasara ko gazawar hakan gida biyu: sauƙin amfani da manhajar kanta, da kuma al'adar mutanen da aka kawo wa ita. A takarda ne kawai abubuwan biyu suke rabe. A hannun ɗalibi kuwa tare suke zuwa, domin manhajar da ta saɓa wa yadda mutum ya saba magana da na gaba da shi, ko yadda ake kiran sunansa, ko yadda ya raba lokutan yininsa, ta riga ta zama mai wuyar amfani, ko da maɓallanta a bayyane suke.

Ma'anar sauƙin amfani

Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta fayyace wannan kalma a ƙa'idarta mai lamba 9241-11, wadda ta fara fita a 1998 aka kuma sabunta ta a 2018. Ma'auni uku ta kafa: ko mai amfani ya cimma abin da ya nufa, da yawan lokaci da wahalar da abin ya ci masa, da kuma ko ya gamsu. Sai dai muhimmin sharaɗin ƙa'idar, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne cewa ana auna waɗannan ne a kan wasu mutane takamaimai, masu wata buƙata takamaimai, a cikin wani yanayi takamaimai. Ke nan babu manhajar da za a ce mai sauƙi ce haka kawai. Tilas a tambaya: ga wa, kuma a ina?

Jakob Nielsen, masani ɗan ƙasar Denmak, ya ƙara faɗaɗa batun a littafinsa na 1993. A wajensa, ana duba saurin da baƙo ke yi wajen koyon abin, da saurin aikinsa bayan ya koya, da ko zai tuna yadda ake yi idan ya daɗe bai taɓa ba, da yawan kurakuran da yake yi da sauƙin gyara su, sannan gamsuwa. Batun tunawa bayan dogon rashi yana da nauyi na musamman a Najeriya, inda yajin aiki kan raba ɗalibi da makaranta rabin shekara ko fiye. Kafin Nielsen, a 1989, Fred Davis ya nuna cewa mutane kan karɓi sabuwar fasaha ne gwargwadon yadda suke ganin amfaninta da kuma yadda suke ganin sauƙinta. Wato abin da ke zuciyar ɗalibi game da manhajar shi ne ke yanke hukunci, ba abin da ke rubuce a takardar kamfanin da ya sayar da ita ba.

Yadda tsarin ya iso jami'o'in Najeriya

Karatu daga nesa ya girmi intanet a ƙasar nan. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, ta fara aiki tun 1976 da littattafai da cibiyoyin haɗuwa na ƙarshen mako. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a 2002 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Daga baya jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Modibbo Adama ta Yola suka buɗe nasu cibiyoyin karatu daga nesa.

Ga yawancin matasa, haɗuwa ta farko da kwamfuta a harkar karatu ita ce jarrabawar JAMB, wadda aka fara rubutawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma koma haka gaba ɗaya a 2015. Babban gwaji ya zo a watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Umarnin ya zo daidai da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda ya ɗauki wata tara, daga Maris zuwa Disamban shekarar. Wani yajin ya biyo baya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. A 'yan shekarun nan Asusun TETFund ya shiga samar wa manyan makarantun gwamnati manhajar Blackboard, kuma a 2023 aka ba wasu buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi, ciki har da Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato.

Dalilin ɗaukar Mubi a matsayin misali

Mubi gari ne na kasuwanci da karatu a arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Yola. A nan Jami'ar Jihar Adamawa take, wadda aka kafa a 2002 zamanin Gwamna Boni Haruna, haka kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a Yola a 1979 aka dawo da ita Mubi a 1982. Ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa tana da mazaɓu na cikin gari kamar Lokuwa da Kolere da Sabon Layi da Yelwa, tana kuma da na karkara kamar Mayo Bani da Muchalla da Mijilu da Vimtim. Ɗalibin da ke zaune a Lokuwa a lokacin karatu yana iya kasancewa a gonar mahaifinsa a Mayo Bani a lokacin hutu ko yajin aiki, kuma a daidai wannan lokacin ne ya fi buƙatar manhajar.

Mutanen wannan yanki sun san ma'anar yankewar karatu fiye da yadda aka san ta a wurare da yawa. A farkon Oktoban 2012 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 20 a unguwar Wuro Patuji, yawancinsu ɗalibai. Bayan dokar ta-ɓacin da aka ƙaƙaba wa jihohin Adamawa da Borno da Yobe a watan Mayun 2013, an katse layukan waya na tsawon makonni. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka ƙwace garin Mubi, ɗalibai da malamai suka watse, wasu suka tsallaka Kamaru a ƙafa, kafin sojoji da mafarauta da 'yan banga su ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba. A irin wannan wuri, karatu ta intanet ba ado ba ne. Hanya ce da za ta iya hana shekara guda ta ɗalibi salwanta. Amma tarihin ya kuma nuna cewa ranar da aka fi buƙatar intanet tana iya zama ranar da babu ita, don haka manhajar da ba ta barin ɗalibi ya sauke darasi ya ajiye a wayarsa ba ta dace da yankin ba tun daga tushe.

Waya, data da wuta

Galibin manhajojin nan an fara tsara su ne da tunanin ɗalibi mai kwamfutar tafi-da-gidanka, da tebur, da wutar da ba ta ɗaukewa. Ɗalibin arewacin Najeriya kuwa mafi yawan lokaci waya ce jakarsa da ɗakin karatunsa, wayar Android mai ƙaramin rumbun ajiya, wadda wani lokaci ma tare da ɗan'uwa ake amfani da ita. Shafin da ya fito tsaf a faffaɗan allo yakan cukurkuɗe a kan waya, maɓallin miƙa jinga ya ɓuya a can ƙasa, jadawalin sakamako ya yanke a gefe. Takardar darasin da malami ya ɗauki hotonta shafi-shafi ya ɗora tana da nauyi, ba a iya neman kalma a cikinta, kuma manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ba ta gane ta, alhali dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman tana aiki tun Janairun 2019.

Sai kuɗi. Lacca ta bidiyo kai tsaye ta sa'a guda tana iya cinye rabin gigabayit na data ko fiye, yayin da muryar malamin kaɗai, idan aka naɗe ta, ba ta wuce 'yan megabayit ba. Ga ɗalibin da ke ɗaukar darussa takwas ko tara a zango guda, wannan bambanci shi ne tsakanin halartar aji da rashin halarta. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya riga ya tsadar da cajin waya a shagunan da ke dogara da janareta. Idan aka ɗora waɗannan a kan Naira 20,000 da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke bayarwa a wata don ɗawainiya, za a ga cewa zaɓin da malami ya yi tsakanin bidiyo da murya hukunci ne a kan aljihun ɗalibansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai misali mai kyau daga gida. Hukumar JAMB ta mayar da matakin farko na rajista saƙon tes, inda mai nema ke tura lambarsa ta NIN zuwa 55019 ya karɓi lambar shiga. Ko ƙaramar waya mai maɓallai tana iya wannan. Sanarwar ɗage lacca ko ranar gwaji ba ta fi ƙarfin irin wannan saƙo ba.

Suna da harshe

Karo na farko tsakanin ɗalibi da manhaja yakan faru ne tun a shafin rajista. Shafin yana neman sunan farko da sunan iyali, bisa tsarin Turai inda zuriya ke gadon suna guda. Bahaushe ko Bafulatani kuwa sunansa yake bi da na mahaifinsa, wani lokaci da na kakansa, wani lokaci da na garinsu ko sarautar gidansu. Mutum ɗaya sai ya zama Musa Adamu a takardar firamare, Adamu Musa a ta sakandare, Musa Adamu Mubi a katin ɗan ƙasa. Ga ɗan'adam duk mutum ɗaya ne, ga kwamfuta kuwa mutum uku ne. Tun da JAMB ta wajabta lambar NIN a 2021, irin wannan saɓani ya zama abin da ke iya tsayar da rajista. Wasu shafukan ma ba sa karɓar alamar hamza, sai Sa'adatu da Isma'il da Mu'azu su ga an ce sunansu ba daidai ba ne. Haka nan kwanan wata: manhajar da aka bar ta a tsarin Amurka tana fara rubuta wata kafin rana, sai 03/04 ya zama 4 ga Maris a wajen na'ura, 3 ga Afrilu a wajen ɗalibi.

Batun harshe ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. Da Ingilishi ake koyarwa a jami'a, amma Ingilishin darasi daban, na manhaja daban. Ɗalibin da ke fahimtar laccar kimiyyar sinadarai yana iya tsayawa cak a gaban gajeren saƙon kuskure da injiniya ya rubuta wa ɗan'uwansa injiniya. Wasu na ganin maganin shi ne a fassara manhajar zuwa Hausa, kuma Moodle ta buɗe ƙofar hakan ga duk al'ummar da ta so. Ba sabon abu ba ne, tunda Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, Facebook kuma ya fito da Hausa da Fulatanci a 2016. Sai dai a Mubi ana jin Fali da Gude da Njanyi da Fulatanci, ga Higi daga Michika, da Margi daga Madagali da Uba, da Kilba daga Hong. Hausa ce harshen kasuwa da na mu'amala, ita ce kuma harshen wa'azi a masallatai da coci-coci da dama, amma ba ita ce harshen uwa ga kowa ba, kuma ba duk mai jin ta ne ya saba karanta ta ba. Don haka abin da ya fi dacewa shi ne zaɓi: Ingilishi mai sauƙi a matsayin tushe, da bayanin taimako cikin Hausa, musamman ta murya ko gajeren bidiyo. Fassarar da ta cika da ƙirƙirarrun kalmomin da ba wanda ya taɓa ji ta fi Ingilishin wahala. Ga masu nazarin Hausa da Fulatanci kuma akwai ƙarin larura, domin manhajar da ba ta nuna haruffa masu lanƙwasa daidai tana iya mayar da ƙafa ta zama kafa, ɓata ta zama bata.

Kunya da girman malami

Nan ne al'ada ta fi tasiri, nan ne kuma aka fi yi mata gurguwar fahimta. Martin Dougiamas ya gina Moodle a kan ra'ayin cewa ilimi yana ginuwa ne ta hanyar musayar ra'ayi, shi ya sa zauren tattaunawa ke tsakiyar manhajar. Ana sa ran ɗalibi ya rubuta ra'ayinsa da sunansa a gaban kowa, ya soki na abokinsa, ya ma ja da malami. Tarbiyyar da yawancin ɗaliban arewa suka taso a ciki ta ɗora nauyi ne a wani wuri daban. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa kafin ya koma koyarwa, ya lissafa kunya da ladabi da mutunci a cikin siffofin mutumin kirki a wajen Hausawa, a wata maƙala da aka buga a 1974. A wajen Fulani ma, semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri, suna cikin ginshiƙan pulaaku. Yaron da aka hore shi kada ya haɗa ido da babba ba zai wayi gari yana yi wa farfesa gyara a rubuce ba don kawai an buɗe masa akwatin rubutu.

Rubutu ma ya fi magana nauyi. Tambayar da aka yi a aji tana wucewa da iska. Wadda aka rubuta a zaure tana nan har ƙarshen zango, da kuskuren nahawunta, ana iya ɗaukar hotonta a yaɗa. Saboda haka shirun da ake gani a irin waɗannan zauruka ba lallai ne ya zama rashin sha'awa ko rashin fahimta ba. Malamin da ya ware maki don yawan rubutu a zaure, sau da yawa ƙarfin hali yake aunawa, ba ilimi ba.

Akwai hanyoyin da ke rage wannan ba tare da an nemi ɗalibi ya sauya halinsa ba. Ana iya ba da damar aika tambaya ba tare da suna ya bayyana ga sauran ɗalibai ba, ko a kasa aji ƙananan rukunoni na mutum biyar ko shida inda tsara ke magana da tsara, sannan wakili ya kai tambayar rukuni gaba. Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne, domin aikin da wakilin aji ke yi ke nan tun kafin zuwan intanet, kuma haka ake isar da magana ga babba a gida da fada. Ko yadda manhaja ke nuna sunan malami yana da tasiri. Ɗalibin da bai taɓa kiran malaminsa ba tare da Malam ko Dakta ko Farfesa ba yakan ji wani iri idan ya ga sunan tsirara a kan allo, kuma saƙonsa zai fara ne da sallama da gaisuwa da neman afuwa kafin ya kai ga tambaya. Akwatin da aka ƙayyade masa 'yan kalmomi kaɗan bai san da wannan ba.

Murya kuma tana da matsayi na daban. A makarantar allo da karatun zaure, daga bakin malami ake ɗaukar karatu, shi yake biyawa, almajiri ya maimaita. Rediyo ya ƙara dasa al'adar saurare a arewa tsawon shekaru. Ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya fi natsuwa da bayanin minti goma da muryar malamin da ya sani a kan shafi ashirin da ba ya jin kowa a bayansu. A nan, abin da al'ada ta fi so da abin da aljihu ya fi iyawa sun zo ɗaya.

Ɗalibai mata

Karatu ta intanet yana da alfanu babba ga matar aure, da mai shayarwa, da yarinyar da iyayenta ba su natsu da zaman ɗakin kwanan ɗalibai a gari mai nisa ba. Amma ƙananan abubuwa na iya rufe ƙofar da aka buɗe. Tilasta kunna kyamara a lacca yana nufin shigar da idon baƙi cikin gida, har cikin ɗaki, abin da gidaje da yawa ba za su lamunta ba, Musulmi ne ko Kirista. Ga ɗalibi namiji ma, kyamara tana tona halin gidansu a gaban abokan karatu. A rukunin WhatsApp kuwa, lambar wayar kowace ɗaliba a buɗe take ga ɗaruruwan mutane, kuma kiran dare daga wanda ba a sani ba ya isa ya sa miji ko uba ya ce a fita daga rukunin. Manhajar jami'a ta fi kyau ta wannan fuska, tunda ana iya aika saƙo a cikinta ba tare da an ga lamba ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk cibiyar da ke tara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Lokaci

Manhajoji da dama kan sa ƙarfe 11:59 na dare a matsayin wa'adin miƙa jinga idan malami bai sauya ba. Wannan ya dace da mai wuta da intanet a ɗakinsa. Bai dace da wanda sai ya fita bakin hanya ko ya hau tudu kafin ya sami sabis ba. Lacca kai tsaye da ta faɗa lokacin sallar Juma'a, ko safiyar Lahadi, ko dab da buɗa-baki a watan azumi, ta ware wani ɓangare na ajin, kuma a gari irin Mubi, inda Musulmi da Kirista ke zaune a benci ɗaya, kowane ɓangare yana da yawa. Da damina kuma, daga shuka zuwa noman farko da na biyu, ɗalibin da ke gida a Mayo Bani ma'aikaci ne a gonar masara ko gyaɗa ko wake, kuma daga wannan gona kuɗin makarantarsa ke fitowa. Darasin da aka naɗa aka bar shi kwana biyu ko uku a buɗe ya fi yi masa adalci.

Iyakar bayanin al'ada

Yawancin binciken da ake yi a wannan fanni yana jingina ne da aikin Geert Hofstede, masani ɗan ƙasar Holan, wanda ya auna al'adun ƙasashe ta fuskar tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami da kuma fifita jama'a a kan ɗaiɗaiku. Littafinsa ya fito a 1980, bisa tambayoyin da aka yi wa ma'aikatan kamfanin IBM tsakanin 1967 da 1973, kuma a ƙarin bayanan da ya fitar daga baya an haɗa Najeriya da Gana da Saliyo a rukuni guda da sunan Afirka ta Yamma. Ma'aunin yana da amfani wajen tayar da tambaya, amma ba zai bambance ɗalibin Legas da na Mubi ba, balle Bafulatanar Digil da 'yar Higin Bazza. Haɗarin da ke ciki shi ne a ɗora wa al'ada laifin da na talauci ne ko na sakaci. Ɗalibin da bai shiga lacca ba saboda wayarsa ta mutu, ba kunya ce ta hana shi ba.

Haka batun taimakon juna. An saba ganin ɗalibi ɗaya ya yi wa abokansa goma rajista, ko mai shagon intanet ya buɗe wa ɗalibi adireshin imel ya riƙe kalmar sirrin a littafinsa. Ana iya kiran wannan zumunci, amma asalinsa rashin na'ura ne da tsoron yin kuskuren da gyaransa zai ci kuɗi da tafiya. Illarsa tana fitowa ne ranar da aka manta kalmar sirri, manhaja ta tura sabuwa zuwa imel ɗin da ɗalibi bai taɓa buɗewa da hannunsa ba, ko zuwa layin da aka rufe a 2024 saboda ba a haɗa shi da NIN ba.

Abin da WhatsApp ya koyar

Ko a makarantun da ke da manhaja ta hukuma, kusan kowane aji yana da rukuninsa na WhatsApp, kuma can ne sanarwa ke fara isa. Dalilin a fili yake. Ba a neman kalmar sirri, saƙo yana jira har sabis ya dawo sannan ya tafi da kansa, ana iya magana maimakon rubutu, ana iya gauraya Hausa da Ingilishi, kuma ɗalibi ya riga ya iya shi tun kafin ya shigo jami'a. Amma ba makaranta ba ne. Takardar darasi tana nutsewa a cikin gaisuwar Juma'a da tallan atamfa, babu rijistar wanda ya miƙa aiki da lokacin da ya miƙa, kuma duk wanda aka cire daga rukuni ya rasa komai. Manhajar jami'a tana da tsari da adana tarihi, ga kuma manhajar Moodle ta waya tana barin a sauke darasi a karanta ba tare da intanet ba, idan masu kula da ita sun kunna wannan damar kuma an nuna wa ɗalibai.

Yadda ake gwadawa

Auna sauƙin amfani ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ana zaunar da ɗalibi da wayarsa, a ba shi aiki na gaske, kamar ya nemo takardar darasin makon jiya, ko ya ɗora jinga, ko ya sauya kalmar sirri, sannan a zuba ido ba tare da an taimaka masa ba, ana rubuta inda ya tsaya da minti nawa ya ɓata da data nawa ta tafi. Nielsen ya nuna cewa mutum biyar sun isa su fallasa mafi yawan matsalolin da rukuni ɗaya na masu amfani ke fuskanta. Inda rukunonin suka bambanta, kowanne sai an nemo nasa biyar ɗin: 'yan shekarar farko da 'yan ajin ƙarshe, maza da mata, na cikin gari da na ƙauye, da masu larurar gani. Akwai kuma takardar tambayoyi goma da John Brooke ya tsara a 1986, wadda ake amfani da ita a duniya wajen ba manhaja maki daga 0 zuwa 100.

Ita ma takardar tambayoyin sai an yi hattara da ita a nan. Ɗalibin da malaminsa ya miƙa masa takarda ya tambaye shi ko manhajar makaranta tana da kyau, kara za ta sa ya ce tana da kyau. Shi ya sa ya fi inganci wanda ba ya ba shi maki ya karɓi amsar, a kuma fi dogara da abin da aka ga hannunsa ya yi a kan abin da bakinsa ya faɗa. Wurin gwajin ma yana cikin gwajin. Sakamakon da aka samu a ɗakin kwamfuta na jami'a, ƙarƙashin fanka da intanet na makaranta, ba zai yi daidai da wanda za a samu a Mayo Bani ko Muchalla a cikin watan Agusta ba, da wayar ɗalibin kansa, da datar da ya saya da kuɗinsa, da cajin da ya rage masa bayan ya dawo daga gona.